Kalmar "caveat": tambayoyin da ake yawan yi min a Zinder da amsoshinsu

Wani ɓangare na aikina shi ne karanta wa mutane takardun Ingilishi, tun daga 'yan kasuwar Dole masu sauke kaya daga Kano har yaran iniversite masu neman burs a waje. Akwai kalma ɗaya da take ta dawo min a wasap, a hoton takarda, a hoton bango, wani lokaci a guntun jaridar da aka yago aka ninke cikin aljihu, ita ce caveat. Mu nan Faransanci muka yi a lakwal, kalmar ba ta cikin abin da kunnenmu ya saba da shi, kuma na ga yadda rashin saninta ya ci dukiyar mutumin gidanmu. Shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda.

Malam, wai mene ne caveat ɗin nan, kuma yaya ake faɗinta?

Ana faɗinta kamar "kabiyat". Asalinta ba Ingilishi ba ne, Latin ce, harshen Rumawan da, daga aikatau cavere mai nufin yin hattara ko tsare kai. Caveat ita kanta jimla ce cikakkiya a kalma guda: "ya yi hattara", ko "a bar shi ya kula". A wani gida na garin Pompeyi, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau akwai hoton kare a daɓen bakin ƙofa da rubutu cave canem, wato hattara da kare. Saiwarsu ɗaya.

A Hausa ba kalma ɗaya ce za ta ɗauke ta ba, ya danganta da inda ta faɗo. Wani wuri gargaɗi ce, wani wuri kashedi, wani wuri togaciya ko sharaɗi, a kotu kuma takardar "a dakata" ce. In mutum ya matsa min ya ce shi kalma guda yake so, ina ce masa caveat ita ce "amma fa".

To ba ita ce caution ɗinmu ta Faransanci ba?

A'a, kuma nan ne mutanenmu suke zamewa. Kosiyon da muka sani, wanda mai gida ke karɓa kafin ka shiga haya ko wanda ake ajiyewa a jastis don a saki mutum, kuɗin lamuni ne. A Ingilishi kuwa caution, da rubutu iri ɗaya sak, mafi yawa gargaɗi take nufi ko taka tsantsan. Dukkansu daga cavere ɗin nan suka fito amma kowace ta kama hanyarta. In kana neman abin da ya yi daidai da caveat a Faransanci, mise en garde ne ko réserve, kamar sous réserve de da muke gani a takardun ofis.

Yaya masu Ingilishi ke amfani da ita a maganar yau da kullum?

Suna sa ta ne idan za su amince da abu amma da ɗan sharaɗi a gindinsa. Misali ka tambayi makanike a kan wani moto na hannu, ya ce maka injinsa lafiya lau, saye shi, amma fa ba na doguwar hanya ba ne, kar ka ce za ka je Tanut da shi ka dawo rana guda. Wannan "amma fa" ɗin ita ce caveat. Ko likita ya rubuta maka magani ya ce yana aiki sosai amma kar a sha da ciki ba abinci. Ko malamin jami'a ya fitar da sakamakon bincike ya ce ga abin da ya samu sai dai a ƙauyuka kaɗan ya yi aikin, kar a ɗora shi kan ƙasa baki ɗaya. Ba soke maganar farko take yi ba, iyaka take ja mata.

Ni ina ganin mutumin da yake faɗin caveat ɗinsa tun kafin a tambaye shi, shi ne abin yarda. Dillalin da ya ce maka "ragon nan yana da kyau amma ya yi tari makon jiya" ya fi min wanda ya rantse sau uku cewa ba aibi ko ɗaya.

Yaya, na ga an rubuta CAVEAT EMPTOR da jan fenti a bangon wani gida a Kano. Me ake nufi?

Ƙanena, in gidan nan ake tallata maka, ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Emptor mai saye ke nan, caveat emptor kuwa "mai saye ya yi hattara". A Nijeriya in ka gan shi a bango ko a shafin jarida, sanarwa ce daga wani mai cewa yana da haƙƙi a wurin: ko gidan gado ne da ba a raba ba, ko yana gaban alƙali, ko an jinginar da shi a banki, ko kuma mai shi na zaune a waje ya ji labarin ana yawo da takardun bogi. Sau da yawa za ka ga an ƙara a ƙasa cewa gidan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 419, lambar nan kuma sashe ne na kundin laifukan Nijeriya da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, daga nan sunan ya bi 'yan damfara.

Bari in ba ka abin da ya faru a gidanmu. Ƙanin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi shekaru yana kai fata Kano yana dawo da atamfa, har ya ga gara ya mallaki wurin sauka maimakon kwana a gidan fatoma. Aka kai shi wani gida mai ɗaki huɗu, da rijiya a tsakar gida da bishiyar darbejiya, ya ce tun daga zaure ransa ya kwanta. A jikin katangar waje akwai wani rubutu da aka shafe da farar ƙasa amma jan fentin na leƙowa ta ƙasa, ya tambayi wanda ya kawo shi, aka ce masa ai rubutun 'yan siyasa ne na lokacin zaɓe. Baba ajami da Larabci ya sani, boko ko na Faransa bai yi ba balle Ingilishi, ya yarda, ya ba da kafin alƙalami a ranar, bayan sati biyu ya cika sauran. Bai yi wata uku a ciki ba wasu mata biyu suka yi sallama da takardar kotu a hannu, ashe gidan na marayu ne, babban wansu ne ya sayar ba da sanin kowa ba, kuma su ne suka sa aka yi rubutun har suka buga a jarida. Hoton katangar da ya ɗauka don ya nuna wa iyalinsa sabon gida, da ya kawo min na ƙura ido, haruffan CAV da EMP suna nan ana iya karanta su. Na kasa ɗago kai in dube shi. Shari'ar ta ja shi shekaru, mota Zinder Kano, Kano Zinder ta Matamai da Daura, kuma abin da ya dawo hannunsa bai kai rabin abin da ya biya ba.

Ke nan rubutu a bango hukunci ne? Wanda ya rubuta shi ne mai gaskiya?

A'a. Kowa na iya sayen gwangwanin fenti, kowa na iya biyan kuɗin shafi a jarida. Caveat ba ta raba gardama, ba ta ce wane ne mai gida ba, abin da take cewa kawai akwai magana a wurin nan. Mai yiwuwa wanda ya rubuta shi ne azzalumin.

Amma tana da nauyi ta wata fuska, kuma wannan ne ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. A tsarin shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila akwai kariya da ake ba wanda ya sayi abu da zuciya ɗaya, ya biya kuɗinsa, ba tare da ya san wani na da haƙƙi a kai ba. To sanarwar aikinta ke nan, ta rufe wannan ƙofar. Da zarar an nuna an sanar, ko kuma da ka yi binciken da mai hankali zai yi da ka gani, zai yi wuya ka tsaya gaban alƙali ka ce ban sani ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Malam, to caveat emptor na nufin mai sayarwa yana da damar ya cuce ni, in ban gano ba ruwana?

Wannan tambayar ita ce ta fi taɓa ni, don na ji wasu matasa masu sayar da salula na hannu suna jefa kalmar kamar wata garkuwa. A zamanin da a Ingila ƙa'idar ta yi tsauri ƙwarai, ba ƙarya. Akwai shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa har gobe, ta shekarar 1603, tsakanin Chandelor da Lopus. Wani maƙerin zinariya ya sayar da wani dutse a kan fam 100, ya ce irin dutsen nan ne da ake samu a tumbin dabba, wanda mutanen lokacin suka yarda yana karya guba. Dutsen ya fito ba shi ba ne. Kotu ta ce mai saye ba shi da abin karɓa, don mai sayarwa faɗa kawai ya yi, bai ba da garanti ba. Fam 100 a wancan zamani dukiya ce mai yawa.

Amma su kansu Turawan Ingila ba su zauna a nan ba. Dokarsu ta sayar da kaya ta 1893 ta sa sharaɗin cewa kayan da ɗan kasuwa ya sayar su dace da yadda aka siffanta su, kuma su yi aikin da aka saye su dominsa, ko da ba a rubuta haka a takarda ba. Daga baya dokokin kare mai saye suka yi ta ƙaruwa har aka shiga faɗin caveat venditor, mai sayarwa ya yi hattara. Inda tsohuwar ƙa'idar ta fi saura da ƙarfi shi ne cinikin ƙasa da gidaje, da kuma kayan hannu tsakanin mutum da mutum. Ko a can ma ba ta rufe wa maƙaryaci asiri: a bar ka ka duba da kanka daban, a shirga maka ƙarya ko a shafe tsaga da siminti don kar ka gani daban.

Mu nan kuma ba a kan wannan ƙa'ida muke ba tun farko. Kundin farar hula na Faransa, wanda dokarmu ta samo tushe daga gare shi, a sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, abin da suke kira vices cachés. Aibin da ke fili wanda idonka zai iya gani, wannan naka ne, wanda ke ɓoye kuwa nasa ne. Sannan kafin Faransa ta zo, malamanmu na Birni suna karantar da babin ciniki a fiƙihun Malikiyya, inda mai saye ke da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa. Hadisin kuma sananne ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Saboda haka yaron da ya sayar maka da waya mai mataccen batiri yana sane, ya ce maka caveat emptor, kalmar ba ta wanke shi ba, ba a jastis ba, ba a wurin Allah ba.

Wani lauya a Kano ya ce za a "shigar da caveat" a kan dukiyar mahaifinmu da ya rasu. Wannan kuma fa?

Allah ya gafarta masa, Hajiya. Wannan ita ce caveat ta ofis, ba ta bango ba. Takarda ce da ake kai wa rajistar babbar kotu, sashen da ke kula da dukiyar mamaci, ana cewa kar a ba kowa takardar izinin taɓa dukiyar nan sai an sanar da ni an ji ta bakina. Ana yin ta in ana shakkar wasiyya, ko ana tsoron wani daga cikin magada zai riga kowa ya karɓo takarda ya kwashe abin da ke banki. Gadon Musulmi a Kano kotun shari'ar Musulunci ce ta saba raba shi, amma kuɗin banki da hannun jari da haƙƙin ma'aikaci sau da yawa sai da waccan takardar izini, shi ya sa maganar ke tasowa.

Abu biyu za ki riƙe. Na ɗaya, ba raba gado take yi ba, tsayar da agogo kawai take yi. Na biyu, tana da wa'adi, ba a shigar da ita a je a kwanta. A Ingila wata shida take yi sai an sabunta. A Indiya akwai wata irinta a sashe na 148A na dokar shari'ar farar hula, wadda mutum ke shigarwa don kar a yanke wani abu a bayan idonsa, ita kwana 90 take yi. Ki sa lauyan ya rubuta miki ranar da aka shigar da ranar da za ta faɗi, ki ajiye a waya, kuma ki tabbata adireshin da aka sa a ciki wuri ne da saƙo zai same ku da gaske, don in ɗaya ɓangaren ya ƙalubalance ta aka aiko ba ku amsa cikin lokaci ba, faɗuwa take yi, ku kuna Zinder ba ku ma ji ba.

A kan fili ma ana shigar da ita?

Ana yi. Ta fi suna a ƙasashen da ke bin tsarin rajistar ƙasa na Torrens, wanda aka fara a kudancin Ostireliya a 1858, inda ake rubuta ta a jikin rajistar filin yadda duk wanda ya zo bincike zai ci karo da ita, kuma ba a wuce da sabon ciniki sai an warware. A can wanda ya shigar da ita ba da dalili ba, ya jawo wa mai fili asara, ana iya sa shi biyan diyya. A Nijeriya ma ana kai irin wannan ƙorafi ofishin ƙasa na jiha. Sai dai ba don kana bin mutum bashin buhun gero za ka je ka ɗaure masa fili ba, dole haƙƙin naka ya shafi filin kansa, kamar ka biya wani ɓangare na kuɗinsa da takarda, ko kana cikin magada, ko an jinginar maka da shi.

Mu a Nijar muna da irinta?

Sunan ne babu, aikin akwai. Kalmar da za ka ji a bakin noter ko awoka ita ce opposition. Lokacin da ake neman titre foncier, wato takardar mallaka ta hukuma, a kan fili akan yi sanarwa a dasa bornu, duwatsun iyaka, a bar lokaci don mai ja ya fito ya ce yana ja. A karkara kuma tun dokar Code rural ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa da muke kira kofo, daga matakin gari zuwa komin zuwa departama, kuma kafin su ba da takardar shaidar saye ko ta gado akan bayyana maganar don mai ƙorafi ya yi magana. Ga kuma mai unguwa da mai gari da fada, waɗanda rikicin gona ke fara biyowa ta hannunsu don sulhu. Dattijon da ya miƙe a gaban mai gari ya ce "gonar nan akwai rabon 'ya'yan ƙanwata a ciki, kar a sa hannu", caveat ya shigar, ko da bai taɓa jin kalmar ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda parsel ke canza hannu a sabbin unguwannin bayan gari, takardar acte de cession ɗaya, wato takardar shaidar ba da filin, ta bi hannu huɗu biyar, kowa fotokopi yake nuna wa na gaba, ba wanda ya taka zuwa meri ya duba sunan wa ke cikin rajista. Cinikin biri a sama ke nan.

Ni ɗalibi ne, na ga kalmar a wani labari kan wanda ya ƙirƙiro tarho. Meye haɗinsu?

A Amurka a da akwai caveat ta masu ƙirƙira, takarda ce da mutum ke ajiyewa a ofishin rajistar ƙirƙira yana cewa ina kan aikin abu kaza ban gama ba, in wani ya zo da irinsa a sanar da ni. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 Elisha Gray ya shigar da irin wannan a kan tarho, a ranar kuma aka kai takardar neman rajista ta Alexander Graham Bell, kuma Bell ne ya samu. An daɗe da soke wannan tsarin a can. In kuma a rubutun bincike ka gan ta, ma'anarta iyakar abin da sakamakon zai iya ɗauka, ka karanta wurin da kyau, ka kuma saba rubuta taka a memuwar ɗinka.

Dillali ya ce min an riga an janye caveat ɗin, an sasanta, in kawo kuɗi kafin wani ya riga ni. In biya?

Alhaji, kar ka biya a kan maganar baki, ko da dillalin ɗan unguwarku ne, shi la'adarsa yake hange kuma mai yiwuwa shi ma abin da aka gaya masa yake maimaitawa. In a ofis aka shigar da ita, janyewarta ma a rubuce take, ka ɗauki lauyanka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya je ofishin ƙasa ya yi bincike ya kawo maka sakamako da hatimi. In ta jarida ce ko ta bango, a ƙasan sanarwar yawanci akwai sunan lauya ko iyalin da suka fitar da ita, ka neme su ka ji daga bakinsu, in gado ne kuma ka ga takardar rabon gado da sa hannun dukkan magada, mata da maza, har wanda ke wata ƙasa. Ka shiga unguwar da yamma ba tare da dillali ba, ka gaida mai unguwa, ka zauna wurin mai shayi na kusa ka tambaya gidan wane ne. Sannan ka zagaya katangar da ƙafarka ta kowane ɓangare, duk inda ka ga sabon fenti ko farar ƙasa a wuri guda ka ɗauki hoto kusa kusa, ka tura wa wanda ya iya Ingilishi ya duba maka tun kafin ka ba da ko dala ta kafin alƙalami.